Shin St. Joseph ya isa a kashe masa kwana biyu? Amsa ga mai shirin kai iyali ziyara

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kansas City da iyalina. Yarana biyu, mai shekara 13 da mai shekara 9, suna karatun tarihin Amurka a makaranta, suna dawowa gida da tambayoyin da ba ni da amsarsu. Wasu abokan aikina sun ce in kai su St. Joseph a ƙarshen mako, wasu kuma sun ce Dodge City ya fi. Shin St. Joseph ya isa a kashe masa kwana biyu, ko gari ne da za a zagaye cikin awa uku? Me ya kamata mu gani, kuma yaya batun abinci da salla?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya zuriya. Tambayarka, ɗan'uwa, ta ƙunshi abu uku: wane gari za ka zaɓa, ko garin yana da abin da zai riƙe iyali daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, da kuma yadda Musulmi zai yi da cikinsa da ibadarsa a can. Amsata ita ce St. Joseph ya isa, amma da sharaɗin kada ka tsaya a kan labarin da garin yake tallata kansa da shi. Takensu shi ne a nan Pony Express ya fara, a nan kuma Jesse James ya ƙare. Duka biyun gaskiya ne, sai dai na farkon kamfanin kai wasiƙu ne a kan dawaki wanda bai wuce kimanin wata 18 yana aiki ba ya durƙushe, na biyun kuwa ɗan fashi ne da bai cika wata shida a garin ba aka harbe shi. Wanda ya je don waɗannan kaɗai, awa uku sun ishe shi. Abin da ke cin kwana biyu shi ne neman dalilin da ya sa wannan gari ya zama ƙofar yammacin Amurka na kusan shekara 20, da dalilin da ya sa garin da kake zaune a ciki ya ƙwace masa wannan matsayi. Tarihin Amurka na ƙarni na 19 nake koyarwa, kuma idan na kai ɗalibai wurin a kan wannan tambaya nake gina tafiyar.

Batun Dodge City ba ya bukatar dogon bayani. Yana can kudu maso yammacin jihar Kansas, tafiyar awa biyar zuwa shida a mota daga inda kake, don haka rabin hutun zai ƙare a kan hanya. Labarinsa na makiyayan da ke koro shanu daga Teksas ne a shekarun 1870 da 1880, kuma titin da ake nuna wa baƙi a matsayin tsohon gari sake gina shi aka yi. St. Joseph kuwa kimanin kilomita 85 ne arewa da kai a kan babbar hanya ta I-29, tafiyar awa guda, kuma yawancin gine-ginen da za ku shiga na asali ne.

Yadda garin ya tashi

Kogin Misuri shi ne tushen komai. A 1826 wani ɗan kasuwar fatu mai suna Joseph Robidoux, haifaffen St. Louis daga zuriyar Faransawa, ya kafa wurin ciniki a gindin tuddan da ake kira Blacksnake Hills, yana karɓar fatun namun daji daga 'yan asalin ƙasar yana ba su kayan masarufi. A lokacin wurin bai ma shiga cikin jihar Misuri ba. A 1836 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilun Ayowa da Sak da Foks, aka karɓe yankin a kan dala 7,500 da alkawarin gidaje da dabbobi, aka tura su ƙetaren kogi, inda har yau ƙabilar Ayowa take da ƙasarta a kan iyakar Kansas da Nebraska. Wanda ya wakilci gwamnati shi ne William Clark, abokin tafiyar Lewis a tawagar da ta binciko yammacin ƙasar, wanda ya taɓa ratsa wannan wuri ta kogi a Yulin 1804. Da aka haɗe yankin da Misuri a 1837, sai bauta ta halatta a ƙasar da dokar sasantawa ta 1820 ta haramta ta a ciki. Ka riƙe wannan, domin shi ne zai bayyana maka abin da ya faru da garin a lokacin yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu.

A 1843 Robidoux ya yanka filaye ya kafa gari, ya sa masa sunan waliyyin Kirista da yake ɗauke da sunansa. Shekara biyar bayan haka aka gano zinariya a Kalifoniya, kuma a 1849 dubban mutane suka kwararo. Jirgin ruwa yakan kawo su daga St. Louis har nan, daga nan kuwa sai daji. Mu da muka san labarin fatake ba za mu sha wahalar gane matsayin garin ba: zango ne irin Agadas, inda ayari yake sauka ya cika salka, ya sayi dabbobi, ya nemi madugu kafin ya faɗa hamada. A nan suke sayen amalanke da takarkarai da alfadarai, da garin alkama da gishiri da busasshen nama, sannan su yafa tantuna a bakin gari suna jiran ciyawa ta fito, wato ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Wanda ya yi gaggawar tashi dabbobinsa su mutu da yunwa, wanda ya makara ƙanƙara ta tsare shi a duwatsun Siyara Nebada. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 3,200, wata huɗu zuwa shida, kuma abin da ya fi kashe matafiyan cuta ce, musamman amai da gudawa, ba farmakin 'yan asalin ƙasa da fina-finai suke nunawa ba. Yawancin masu neman zinariyar ba su samu abin kirki ba, amma 'yan kasuwar da suka sayar musu da guzuri sun yi arziki, kuma a kan wannan arziki garin ya ginu. A Fabrairun 1859 layin dogo daga Hannibal ya iso, St. Joseph ya zama wuri mafi nisa a yamma da jirgin ƙasa daga gabas yake kaiwa.

Safiyar Asabar a bakin kogi

Shawarata ita ce ku yi sallar Juma'a a Kansas City, inda masallatai suke da yawa, ku tashi da yamma, ku kwana, sannan ku fara da kogi da sassafe kafin a buɗe gidajen tarihi. Za ka ga an gina babbar hanyar mota mai hawa biyu a bakin ruwan, ta shiga tsakanin gari da kogin da ya haife shi, abin da a ganina ɓarna ce babba. Saboda haka ku nufi arewacin tsakiyar gari, wajen Remington Nature Center, inda akwai hanyar ƙafa da ke bin gaɓa. Ka tsayar da yaran su dubi ƙarfin ruwan da launinsa na laka, ka gaya musu cewa wancan gefen Kansas ne, kuma a 1849 babu gada, sai jirgin fito da ake bin layi kwana da kwanaki kafin a ɗora amalanke a kai. Cibiyar kanta tana da siffar giwar zamanin ƙanƙara da kayan 'yan asalin ƙasa, kuma ƙaramin yaronka zai so ta. Kogin nan ba ya zama wuri guda: ambaliyar 1952 ta sauya masa hanya, har filin jirgin saman garin ya koma ɗaya gefen, yanzu sai an bi ta Kansas ake isa gare shi ko da yake a Misuri yake.

Daga nan ku je Robidoux Row, jerin ɗakunan bulo da Robidoux ya gina don mutanen da suka sayi fili a hannunsa su zauna kafin su gama nasu ginin. A ciki ya rasu a 1868. Wuri ne ƙarami, rabin awa zuwa awa guda ya isa, amma a nan nake so ka gabatar wa yaran wani mutum da ba a yawan ambatonsa, wato Jeffrey Deroine. Baƙar fata ne, bawan Robidoux, wanda ya iya Faransanci da Ingilishi da harsunan ƙabilun yankin. Ya taɓa kai ubangidansa ƙara kotu yana neman 'yanci, daga baya ya samu 'yancin, ya zama tafintan ƙabilar Ayowa, har ya raka tawagarsu zuwa Turai a 1844. Yaron da aka koya masa cewa tarihin yammacin Amurka na fararen fata ne masu huluna da bindigogi yana bukatar jin wannan suna. In kun koma mota ka sa su karanta sunayen tituna: Faraon, Jules, Francis, Felix, Edmond, Charles, Sylvanie da Messanie duk 'ya'yan Robidoux ne, Angelique kuma matarsa.

Pony Express: abin da ya faru da abin da aka ƙara

Gidan tarihin Pony Express yana kan titin Penn, a wurin bargar dawakin kamfanin. Bargar asali ta katako ce, a 1888 aka sake gina ta da bulo. Daga nan mahayi na farko ya tashi da yammacin 3 ga Afrilun 1860, bayan jirgin da ya ɗauko wasiƙun daga gabas ya makara. Matsalar da kamfanin ya zo warwarewa a bayyane take. Kalifoniya ta zama jiha tun 1850, amma saƙo daga gabas yakan ɗauki mako uku ko fiye kafin ya isa, ko ta jirgin ruwa ta Panama ko ta keken doki ta hanyar kudu, ga kuma ƙasa tana shirin darewa biyu. 'Yan kasuwa uku, William Russell da Alexander Majors da William Waddell, suka yi alkawarin kai wasiƙa daga St. Joseph zuwa Sakramento, sama da kilomita 3,000, cikin kwana 10, kuma suka cika.

Dabarar ita ce kada doki ya gaji. An kafa tashoshi kusan 190, tsakanin kowace da ta gaba kilomita 15 zuwa 25, mahayi yana sauya doki a kowace tasha, shi kuma a sauya shi bayan kilomita 120 zuwa 160. Wasiƙun suna cikin wata shimfiɗar fata mai aljihu huɗu da ake yafawa a kan sirdi, mahayi ya zauna a kai, don haka in ya iso tasha sai ya fizge ta ya yafa wa sabon doki ya wuce cikin minti biyu. A gidan tarihin akwai sirdi da irin wannan fata da ake barin yara su gwada, kuma na lura cewa yaron da ya ɗaga ta da hannunsa ba ya manta bayanin. Kuɗin aikawa da farko dala 5 ne a kan nauyin da bai wuce giram 14 ba, abin da ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa masu aikawar gwamnati ce da 'yan kasuwa da jaridu, a kan takarda marar nauyi. Gudu mafi sauri shi ne na Maris 1861, lokacin da aka kai jawabin rantsar da Shugaba Lincoln cikin kwana 7 da awa 17.

Kamfanin bai taɓa cin riba ba. Masu shi sun zuba kuɗi ne da fatan samun kwangilar gidan waya ta gwamnati, kwangilar ta tafi hannun wani kamfani, yaƙi da ƙabilar Payut a Nebada ya tsayar da aiki na makonni a 1860, Russell kuma ya faɗa cikin badaƙalar takardun lamuni na gwamnati. Ranar 24 ga Oktoban 1861 wayar tangarahu ta haɗe gabas da yamma, bayan kwana biyu aka sanar da rufe kamfanin. To me ya sa sunansa ya game duniya? Mafi yawa aikin Buffalo Bill Cody ne, wanda tun daga 1883 ya riƙa yawo da wasan dawaki a Amurka da Turai yana nuna yadda ake sauya doki a guje. A nan ya kamata ka yi hattara da ƙarin gishiri. Takardun kamfanin ba su tsira ba sai kaɗan, har ma sunan mahayi na farko ana jayayya a kansa, ko da yake a garin Johnny Fry ake cewa. Za ka kuma ga ana sayar da hoton wata talla da ke neman samari sirara, wai an fi son marayu. Masu bincike ba su samu wannan talla a wata jarida ta wancan zamani ba. Nakan tambayi ɗalibaina ta yaya za a tabbatar da irin wannan magana, kuma tambaya ce da mai shekara 13 zai iya kokawa da ita.

Patee House da dalilin faɗuwar garin

Tafiya kaɗan a kan titin guda za ku iske Patee House, otal mai hawa huɗu da ɗaki 140 da John Patee ya gina a 1858. A cikinsa ofishin Pony Express yake. Yanzu gidan tarihi ne irin na tsohon yayi, an cusa komai a ciki ba tare da tsari sosai ba: kan jirgin ƙasa, keken doki, tsofaffin motoci, titi guda na shagunan da, har da ɗakin cire haƙori na mahaifin Walter Cronkite, shahararren mai karanta labarai da aka haifa a garin a 1916. Ku ba shi awa biyu. Ka nemi taragon wasiƙu, domin a kan wannan layin dogo ne a 1862 aka fara tantance wasiƙu a cikin jirgi yana tafiya a Amurka.

Abin da ya fi muhimmanci a ginin shi ne cewa a lokacin yaƙin basasa sojojin Arewa sun mai da shi ofishinsu, suna shari'a a babban zauren rawa. Misuri jihar bauta ce da ba ta ɓalle ba, amma mutanenta sun rabu, maƙwabci yana kashe maƙwabci. Jeff Thompson, magajin garin da ya yi jawabi ranar da Pony Express ya tashi, shi ne a Mayun 1861 ya hau saman gidan waya ya sauke tutar Amurka, daga baya ya zama kwamandan sojojin Kudu. A Satumbar wannan shekara 'yan sari-ka-noƙe suka lalata gadar jirgin ƙasa a kan kogin Platte gabas da garin, jirgi ya faɗa ruwa da fasinjoji, mutane da dama suka mutu. Sojojin Arewa suka mamaye garin suka kafa igwa a kan tudu, wurin da ake kira Fort Smith, wanda yanzu wurin shaƙatawa ne da ake hango gari da kogi daga kansa. Ku hau da la'asar.

Mutanen garin sukan ce sauke tutar nan ce ta sa Lincoln ya kai mafarin layin dogon da zai ratsa ƙasar zuwa Council Bluffs a jihar Ayowa. Ni ina ganin wannan ya yi sauƙi da yawa, domin kwarin kogin Platte na Nebraska ya fi dacewa da shimfiɗa dogo, kuma masu jarin Shikago can suka fi so. Amma babu shakka gwamnatin da ke yaƙi ba za ta ɗora babban aikinta a kan garin da ba ta amince da shi ba. Bugun da ya fi zafi ya zo ne a 1869, lokacin da aka buɗe gadar jirgin ƙasa ta farko a kan kogin Misuri, a Kansas City. Abin mamaki, kamfanin dogon Hannibal da St. Joseph ne ya gina ta. Kafin St. Joseph ya samu tasa gadar a 1873, shanu da hatsi da jari sun riga sun saba da wata hanya. Garin bai mutu ba: ya yi arziki da sayar da kaya a sari da kara da mayanka a shekarun 1880 da 1890, kuma manyan gidajen attajirai da za ka gani a titin Hall da unguwar Museum Hill na wannan zamani ne. Amma yau mutanensa kimanin 72,000 ne, kuma za ka ga shaguna da yawa a rufe a tsakiyar gari. Kada hakan ya ba ka tsoro ko ya sa ka raina wurin. Rashin sabon gini ne ya bar tsofaffin a tsaye.

Gidan Jesse James

Gidan yana bayan Patee House, ɗan ƙarami ne, minti 30 sun isa. Ba nan ne asalin wurinsa ba, ɗauko shi aka yi daga titin Lafayette. James ya zauna a ciki da matarsa da 'ya'yansa biyu da sunan ƙarya, Thomas Howard, har zuwa 3 ga Afrilun 1882, ranar da Robert Ford, ɗaya daga cikin yaransa, ya harbe shi a ƙeya yana tsaye a kan kujera yana gyara hoton bango. Ford ya riga ya shirya da gwamnan jihar, Thomas Crittenden. Kotu ta yanke masa hukuncin rataya shi da ɗan'uwansa, gwamnan ya yafe musu a ranar. Za a nuna muku rami a bango, wanda masu neman abin tunawa suka yi ta ɓantara har ya yi faɗi, da kayan da aka samu lokacin da aka tone kabarinsa a 1995 don gwajin ƙwayoyin halitta.

Ka yi wa yaran bayani kafin ku shiga, domin za su ji ana maganarsa kamar gwarzo. An haife shi a 1847 a gidan masu bayi, yana ɗan shekara 16 ya shiga 'yan sari-ka-noƙen Kudu, kuma ƙungiyar da yake ciki ce ta kashe sojojin Arewa marasa makami a Centralia a 1864. Bayan yaƙi ya koma fashin bankuna da jiragen ƙasa. Labarin cewa yana ƙwace wa mai kuɗi ya ba talaka wani editan jarida ne a Kansas City, John Newman Edwards, ya yaɗa shi don ɗaukaka waɗanda suka sha kaye a yaƙi, kuma babu hujjar cewa ya taɓa raba ganima da kowa sai 'yan ƙungiyarsa.

Lahadi

A kan titin Frederick akwai gini guda da ya haɗa gidajen tarihi da dama. Wanda ya fi suna shi ne Glore, na tarihin kula da masu taɓin hankali, a harabar tsohon asibitin jiha da aka buɗe a 1874, wanda a tsakiyar ƙarni na 20 ya ɗauki majinyata kusan 3,000. Wani ma'aikacin asibitin, George Glore, shi ya fara haɗa kayan a ƙarshen shekarun 1960. Akwai kejin da ake kulle mutum, da kujerar ɗaure majinyaci, da kayan tiyatar ƙwaƙwalwa, da ƙusoshi da maɓallai sama da 1,400 da aka ciro daga cikin wata majinyaciya. Wuri ne mai ilimi ƙwarai, amma ban ga dacewar shigar da ɗan shekara 9 ba. Ku raba aiki da uwargida, ɗaya ya shiga da babban, ɗaya ya kai ƙaramin sashen 'yan asalin ƙasa. Sashen da ba na so ku tsallake shi ne Black Archives, na tarihin baƙaƙen fatar garin, daga bauta zuwa makarantun wariya, da mawaƙin jaz Coleman Hawkins da aka haifa a nan a 1904. Tarihin garin ya haɗa da kisan da taron jama'a suka yi wa wani saurayi baƙar fata, Lloyd Warner, a 1933 bayan sun fasa gidan yari, kuma gara yaranka su ji irin wannan daga bakinka kana kusa da su.

Lokutan buɗewa suna sauyawa da yanayin shekara, wasu wuraren sai bayan azahar suke buɗewa ranar Lahadi, wasu kuma sukan rage kwanaki a lokacin sanyi, don haka ka duba shafin kowanne a intanet a makon tafiyar. Ni malamin tarihi ne, ba zan zaɓar maka otal ba, sai dai in ce yawancinsu suna wajen mahaɗar I-29 da titin Frederick, kuma sukan cika daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, domin tun 2010 ƙungiyar ƙwallon Kansas City Chiefs takan yi atisayenta a jami'ar Missouri Western da ke garin. Mota wajibi ce, jirgin ƙasa na fasinja ba ya zuwa. Lokaci mafi daɗi shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. A bazara ka sa ido kan gargaɗin guguwa a wayarka. Yuli yana da zafi mai gumi, Janairu kuma sanyin ƙanƙara.

Abinci da salla

Wannan yanki ne na alade, har akwai babbar mayankarsa a kudancin garin, kuma yakan ɓuya inda ba ka zata ba: a cikin wake, a miyar da ake zubawa kan burodin karin kumallo, a ganyen da aka dafa, wani lokaci man alade a ɓawon kek. Soyayyen naman da ake sawa cikin burodi ana alfahari da shi a yankin na alade ne. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Mafi sauƙi shi ne uwargida ta shirya abin da zai kwana biyu daga naman halal na Kansas City, ku sa a akwatin ƙanƙara, a waje kuma ku tsaya a kan kifi da ƙwai da kayan lambu. Yara za su ga alewar Cherry Mash, wadda ake yi a garin tun 1918, ka duba abin da aka rubuta a jikin takardarta kamar yadda ka saba. Game da salla, ku tafi da dadduma da buta a mota. Krug Park da ke arewacin gari yana da fili da inuwa da natsuwa, kuma ya dace da azahar da cin abincin rana. Ko wannan nisa ya kai na kasaru, malamin masallacinku ne zai ba ka fatawa.

Wajen dawowa kada ku sake bin I-29. Ku ƙetara kogi ku bi ta Atchison a jihar Kansas, kimanin rabin awa daga St. Joseph, inda gidan da aka haifi matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart a 1897 yake a kan tudu yana kallon ruwa, kuma kusa da nan ne tawagar Lewis da Clark ta yi bikin 4 ga Yuli a 1804. Daga can hanya tana gangarowa ta Leavenworth, inda aka sa hannu a kan yarjejeniyar 1836, ta shigo da ku Kansas City ta yamma. Idan kuma tafiyar ta faɗo a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, ku sauya wannan da gandun tsuntsaye na Loess Bluffs, kimanin minti 40 arewa da St. Joseph, lokacin da dubban ɗaruruwan fararen dinya da gaggafa suke sauka a kan hanyarsu ta zuwa kudu. Ana zagaya shi a cikin mota, don haka sanyi ba zai hana yara gani ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.